Takalmi a Bakin Zana

Ni dai tun ina da ƙarfina aikina shela ne. Wanda jakinsa ya ɓace, wanda ya tsinci akuya, ranar kai lanho, wato haraji, ranar aikin hanya, duk ta bakina mutanen Tanut suke ji. Allah ya ba wasu gona, ya ba wasu raƙuma, ni ya ba ni maƙogwaro, ban kuwa raina ba. Na kuma taɓa lakwal, makarantar Nasara, a Damagaram, damina biyu, lokacin da aka ce kowane mai gari ya kawo ɗansa. Mai garinmu ya duba ya duba, ya ga ni ne ɗan maƙwabcin da ba za a yi kukan rashinsa sosai ba. Can na koyi "wi", na koyi "no", na koyi tsayuwa ƙyam kamar taɓarya. Da wannan ilimi mai zurfi na dawo gida, har yau ba a gama cin moriyarsa ba. Jikokina masu dogon karatu suna dariyar rubutuna. Su yi ta yi, ni ma na ga nasu.

Abin da zan faɗa ya faru ne ƴan shekaru bayan da ƙasar arewa ta lafa, hanyar raƙuma ta sake buɗewa. A lokacin an riga an hana bauta, ni da kaina na yi shelar hanin har muryata ta dushe. Sai dai sayar da mutum bai mutu ba, riga ya sake. Ba a kasa mata a kasuwa kuma. A kan raƙumi ake wucewa da su a lulluɓe, a ce matan aure ne za a kai su ganin gida, can gaba a damƙa wa mai hali ya sa a ɗaka, in ya gaji ya miƙa wa wani. Kowa ya sani, kowa kuma bai sani ba.

Wata rana da rani gardawan bariki, wato dogaran Nasara, suka kamo mutum biyu a wata rijiya ta wajen Tanhiya, da mata uku a hannunsu. Abin da ya tona su igiya ce. Wani makiyayi da ke ba shanunsa ruwa ya ga ƙafar ɗaya daga cikin matan a ɗaure da sirdi, ya ce shi bai taɓa ganin matar aure da dabaibayi ba. Aka kawo su Tanut. Mazan suka rantse cewa matansu ne. Matan kuwa tsoro ya rufe musu baki, ko da harshensu na Buzaye aka tambaye su sai su dubi ƙasa. Kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, wani siriri mai jan wuya da ba ya rabuwa da mura, ya ce ba zai iya hukunci a kan igiya kaɗai ba. Yana son mace ɗaya da ta taɓa bi ta hannun mutanen nan ta faɗa da bakinta.

Ina tsaye a bariki ina jiran abin da za a ba ni in yi shela, sai ga manyan gari sun shigo. A gabansu akwai wani attajiri mai babban gida a bakin kasuwa, inda fatake suke sauka. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce wa tafinta:

"Ka gaya wa Zaki mu Musulmi ne. Asirin mace ba a tona shi a fili. A yi wannan shari'a cikin ɗaki, a rufe ƙofa, mu dattawa mu zauna tare da shi. Don mutuncin bayin Allahn nan kawai muke roƙo."

Wallahi maganar ta yi daɗi, ni kaina sai da na gyaɗa kai. Amma kafin la'asar ta kai rumfar mahauta, su kuwa mahauta ba sa gyaɗa kai. Sarkin fawa ya ce: "Tun yaushe ya fara tausayin mata? A gidan wa raƙuman nan suke kwana in sun wuce?" Kasuwa ta ɗauka. Aka ce in an rufe ƙofa, ƙananan za a ɗaure, babban ya fito yana taunar goro. Maganar ta bi ta bakin kuku ta shiga kunnen kumandan tare da abincinsa.

Shi kuma da ya fusata sai ya zarce. Ya kira ni ya ce a filin kasuwa za a yi, ranar kasuwa, kowa ya gani ya ji. Kuma duk macen da aka san ta taɓa bi ta wannan hanya, a nemo sunanta da gidan da take, in yi shelarsa, ta fito ta ba da shaida. A ganinsa gaskiya ita ce a baje komi a rana kamar shanyar kuka. Na ce "wi, mon kumandan", don shi ne abin da na fi iyawa, na koma gida.

Uwar ƴaƴana makitsiya ce. Kan mace in ya shiga tsakanin gwiwoyinta, abin da ke cikinsa ma fitowa yake, ita kuwa ba ta fitar da shi waje. Shekarunmu da yawa tare, abin da na sani na matan garin nan bai wuce wanda jaki ya sani ba. Na gaya mata umarnin kumandan tana tankaɗe. Ta ajiye rariya.

"Malam, da bakin nan naka za ka kira sunayensu?"

"To da na wa? Shi aka ɗauka aiki."

"In ka yi, ka nemi mai dafa maka tuwo a bariki."

"Ke, Nasara ne fa ya ce."

"Nasaran zai zauna da su a gidan miji bayan an watse?"

Na shafa gemu irin na mai ilimi. Can ta sassauta murya ta ce akwai wata. Ba za ta faɗa mini sunanta ba, ko da yake daga bayanin da ta yi ko kurma zai gane. Mutanen nan biyu su suka ɗauko ta daga arewa shekarun baya, ta kwana a gidan attajirin, aka sayar da ita gaba, ta bi hannu fiye da ɗaya kafin ta gudo. Wani manomi na wajen Falanko ya tsince ta a hanya, ya ji labarinta duka, ya aure ta a haka. Suna zaune a gefen gari da ɗansu ƙarami. Danginsa kuwa abin da suka sani shi ne marainiya ce da yunwa ta koro.

Dangin nan kuma ba kowa ba ne face uwar mijin, wadda duk kasuwa ta sani. Tsohuwa ce mai sayar da man gyaɗa, gajera, mai faɗin ƙafa, mai ji da asali. In ta fara lissafa kakanninta da suka sari dajin Damargu, sai man nata ya daskare ba ta gama ba. Ta taɓa jifana da ludayi don na yi shela kusa da ƙwaryarta, wai ina tofa mata miyau a mai. Irin wannan tsohuwa in ta ji surukarta ta bi ta hannun maza a matsayin abin saye, to auren ya mutu, yaron kuma ya tashi ana ce masa ɗan baiwa har ya yi furfura.

"To ta yi shiru mana," na ce. "Wa ya sani?"

"Ta ga matan nan uku a bariki. Ta ce tun daga ranar abinci ba ya wuce mata. Tana son ta faɗa. Amma ba suna, ba fuska, ba murya."

"Shaida ba murya? Da hanci za ta yi?"

"Kai ba muryar haya gare ka ba?"

Kun ga dai daga inda dabarar ta fito. Amma da yake ni na kai ta bariki, a tarihi tawa ce. A fadar kowane sarki a ƙasar nan mai ƙara ba ya ɗaga murya, a hankali yake faɗa, wani ya maimaita da ƙarfi jama'a su ji. Mace mai kulle kuma in za ta yi magana da maza ta bayan zana take yi. Abin da muka yi shi ne haɗa biyun. Na tsaya ƙyam gaban kumandan na zuba masa faransancina, ya saurara cikin haƙuri har na gama, sa'annan ya juya ga tafinta ya tambaye shi me na ce. Tafinta ya sa na sake da Hausa.

Kumandan bai so ba da farko. Ya ce ta yaya jama'a za su yarda akwai mace a ciki, ba ni da matata muke ƙaga labari ba? Ya ce kuma wanda ake tuhuma yana da hakkin ya yi tambaya. Muka daidaita a kan cewa shi da limamin gari za su gan ta tun kafin ranar, su kaɗai, liman ya shaida wa jama'a cewa mace ce mai hankali kuma ta rantse. Tambaya kuwa kowa ya yi, amsa ta fito ta bakina. Maganar shelar sunaye ya janye ta, yana fyace hanci kamar an ƙwace masa wani abu.

Ranar kasuwa da hantsi aka kafa zana a gindin gawo, aka zagaye wuri kamar ɗan ɗaki, bayansa ya jingina da rumfunan mata masu sayar da fura, inda lulluɓi ke shiga yana fita ba mai lura. Ta nan ta shigo tare da uwar ƴaƴana. Kumandan yana kan kujera, liman a kan buzu, mutanen nan biyu a ƙasa, attajiri cikin manya da babbar riga sabuwa. Jama'a kuwa har kan katanga. Ni na tsaya jikin zana, kunnena a wata ƴar kafa. Ita ta raɗa wa matata, matata ta raɗa mini, ni in kwarara.

Ƙa'idar aikinmu ita ce yadda aka faɗa haka za ka maimaita, ba ka cewa "ta ce". Don haka na buɗe baki, da gemuna da komi, na ce:

"Ni mace ce baiwar Allah! Ina ɗibar ruwa aka ɗauke ni!"

Kasuwa ta fashe da dariya. Wani daga kan katanga ya ce: "Allah sarki, ƴar nan, wa ya ɗauke ki da wannan gemu?" Ko gardawa sai da suka juya baya. Ban kula ba, na ci gaba, don mai shela da ke jin kunya bai kama sana'a ba.

"Wancan mai tabo a goshi shi ya ɗaure ni. Ɗayan shi ya ce in aka tambaye ni in ce mijina ne, in ba haka ba rijiya tana da zurfi."

Dariyar ta fara raguwa. Na faɗi rijiyoyin da aka bi da ni. Na faɗi yadda aka shigar da ni wani gida a garin nan ta ƙofar dabbobi, aka sa ni a ɗakin da ke bayan rumbu, mai ƙyauren fatar raƙumi. Na faɗi yadda maigidan ya shigo ya ce in buɗe baki ya duba haƙorana, ya ce in miƙe in juya. Abin da ya biyo baya ma na faɗa, daidai gwargwadon yadda ta iya faɗa. Akwai inda raɗar ta tsaya, na ji kuka ƙasa-ƙasa ta cikin zana, ni ma na tsaya. Ba wanda ya yi tari. Ban taɓa jin kasuwar Tanut shiru haka ba, har kukan ɗan akuya a can wajen mahauta ana ji.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan attajirin ya san ɗakin nan mai ƙyauren fata. Idanu suka koma kansa. Ya miƙe a hankali, ya gyara riga. Na zaci musu zai yi. Sai ya nuna ƙasa da sandarsa ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ba na jayayya da zana. Amma takalmin can na wane ne?"

Na waiga. A gefen zana, daidai inda ta shiga, ga takalmi ƙafa biyu an jera su tsaf. Mun yi tunanin suna, mun yi tunanin fuska da murya, ba wanda ya tuna cewa ƴar mutunci ba ta shiga gaban hukuma da liman da takalmi a ƙafa. Ta tuɓe su ne kamar yadda aka koya wa kowa, ko sanin ta yi ba ta yi ba. A garinmu kuwa takalmi kamar fuska yake. In kana neman mutum, ƙofar masallaci kake dubawa. Baduku ɗaya ke gare mu, kowane ɗinki ya san ƙafar da ya yi wa. Wannan kuma fatar ja ce, an sake wa na hagu maɗauri da baƙar fata. Mata suka fara miƙa wuya.

"A kira baduku," in ji attajiri. "Ko kuwa mai shi ta fito ta sa abinta mu gani. Ai gaskiya ake nema, ko ba haka Zaki ya ce ba?"

Tafinta ya juya wa kumandan maganar. Na ga kumandan yana tunani, na kuwa san irin tunanin, don shi mutum ne mai son a baje komi. Cikin zana ba motsi. Ni kuma duk ilimin Damagaram ya gudu ya bar ni.

Sai aka ji wata murya daga wajen masu mai:

"Kai, ku ba ni hanya! Ku matsa, ƴan banza!"

Tsohuwar ce, uwar mijin. Ta ratso jama'a da gwiwar hannu, zanenta duk maiƙo. Ita ta biya baduku ya sake maɗaurin nan, daga baya na ji, don haka tun daga nesa ta gane shi, ta kuma ji duk abin da na kwarara tun daga farko. Ta zo ta tsaya kan takalmin ta dube shi. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba, a wurina dai ya kai damina guda. Sa'annan ta ɗaga kai ta dubi attajiri.

"Nawa ne. Me ya faru?"

"Iya, naki?"

"Nawa. Na ajiye a inuwa don kada rana ta busar mini da fata. Ko inuwar ma taka ce, kamar ɗakin bayan rumbu?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Attajiri ya ce: "Iya, wannan ai bai kai ƙafarki ba."

"Ƙafata ka auna? Haƙoran ƴaƴan mutane ba su ishe ka ba, sai ka dawo kan ƙafar tsohuwa?"

Ta cusa ƙafa. Jama'a, ƙafar nan kamar faifai take, takalmin kuwa na siririyar mace ne. Yatsu suka shiga, dunduniya tana ƙasa. Ta cusa ɗayar. Duk wanda ke wurin ya ga ba nata ba ne. Ta juya tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya, tana jiran wanda zai faɗa. Baduku yana nan a gaba-gaba, ta tsayar da ido a kansa.

"Kai, ba kai ka ɗinka mini ba?"

Baduku ya ce: "Ni ne, Iya. Na ma ce miki zai matse."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Ta juya ta koma wajen ƙwaryarta tana ɗingishi, ta bi ta gabana ta ce: "Kai kuma mai bakin ganga, ci gaba da aikinka, ka tsaya kana kallona."

Na ci gaba. Attajiri bai sake tambaya ba. Da matan nan uku suka ga abin da ya faru, babbar cikinsu ta ɗaga kai ta yi magana da harshensu, aka samu mai juyawa, sauran biyun suka bi. Mutanen biyu aka tafi da su gidan kaso a Damagaram. Attajirin, ba zan yi muku ƙarya ba, bai daɗe a hannu ba, masu hali ba sa daɗewa. Amma an faɗi abin da ya yi a gaban kowa, fatake suka daina sauka gidansa, daga baya ya kwashe ya yi kudu. Da a ɗaki aka yi, da har ya mutu ana ba shi gaban sahu. Ni kuma na samu sabon suna a rumfar mahauta, "amarya", sai da waɗanda suka ji shelar nan suka ƙare sa'annan na huta.

Ita matar, uwar ƴaƴana ta fitar da ita ta cikin masu fura, ta kawo ta gidanmu ba takalmi, ƙasa kuwa ta yi zafi. Da na dawo da yamma na tarar da ita a tsakar gida, bakin ɗakin matata, ta haɗa kai da gwiwa. An ajiye mata fura ba ta taɓa ba. Ta ce ba za ta koma ba, ta san abin da ke jiranta, a dai taimaka a karɓo mata ɗanta ko da daga baya ne. Muna ba ta baki sai muka ji sallama a zaure, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

Tsohuwa ta shigo da ƙwaryar mai a ka, takalmin a hannu, ƙafarta duk ta kumbura. Ta jefa su gaban surukarta. Matar ta durƙusa, ta buɗe baki za ta yi magana.

"Inna, ni..."

"Ban tambaye ki ba. Yaro yana can yana tsala kuka tun azahar, ubansa ya rasa yadda zai yi da shi, hatsi kuma ba a surfa ba. Tashi mu tafi."

Matar ta fashe da kuka. Tsohuwa ta dubi matata ta ce: "Dube ta. Ni da ƙafata ta kumbura ban yi kuka ba." Ta sauke ƙwaryar man ta ɗora wa surukar a ka, ta gyara mata gammo da hannunta, ta tura ta gaba. A bakin zaure ta waigo ta dube ni.

"Kai, in na ji wannan a kasuwa."

Na ce: "Iya, ni ban ga komi ba."

"Ka gani mana, makaho ne kai? Ka dai rufe baki."

Suka fita, surukar a gaba da ƙwarya, tsohuwa a baya tana ɗingishi tana yi mata faɗa a kan ta yi a hankali kada ta zubar mata da mai.